Shawara ga masu neman ƙarin ramin HDMI a talabijin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga tambayar nan tana ta maimaituwa: talabijin na da ramin HDMI biyu kacal, ga dikoda, ga PlayStation na yara, ga kwamfuta. Yawan cirewa da sakawa shi ke sassauta ramin, kuma gyaransa ba arha ba ne.

Abin da za ku nema a kasuwa sunansa HDMI switch. Ku kula sosai, don masu shago kan miƙo splitter a maimakonsa, alhali aikinsu kishiyar juna ne. Switch na karɓar na'urori da yawa ya kai talabijin ɗaya, splitter kuwa hoto ɗaya yake rabawa talabijin da yawa. Ku duba jikinsa, in an rubuta "3 in 1 out" ko "5 in 1 out", to shi ne.

Sai maganar lamba. HDMI 1.4 yana ɗaukar 4K (hoto mai matuƙar kaifi) amma a 30Hz kawai, wato hoton na sabuntawa sau 30 a daƙiƙa, 2.0 yana kaiwa 60Hz, mai PlayStation 5 (PS5) da ke son 4K a 120Hz kuwa sai 2.1. In kuna kallon Netflix a 4K, ku tabbatar switch ɗin yana da HDCP 2.2 (tsarin kariya daga kwafar fim), in ba haka ba ingancin hoton zai sauka ko allon ya yi baƙi.

Ni dai na fi son mai wayar wutarsa ta USB da rimot. Mai sauya kansa da kansa yakan rikice idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, don duk na'urorin na tashi lokaci guda.

Lasifikar soundbar kuma ku bar ta a ramin ARC na talabijin (ramin HDMI mai aika sautin talabijin zuwa lasifika), kada ta bi ta switch.