Yadda Ake Tallafe Wardin da Rassansa ke Kwantawa

Tambayar nan ta yawaita: wardi ya yi tsawo, da an yi ruwa sai rassan su zube ƙasa da furanninsu. Ga gyaran.

1. Sa safar hannu mai kauri, ƙayar wardi ba ta da wasa.
2. Yanke busassun rassa da siraran da ba su kai kaurin fensir ba.
3. Rage kashi ɗaya cikin uku na dogayen rassa. A yanka dab da saman idon da ke kallon waje, wato inda sabon reshe zai tsiro.
4. Kafa turaku 4 masu tsawon mita 1.5 kewaye da shukar, santimita 30 daga gindi.
5. Buga kowane turke ya nutse santimita 40.
6. Zagaye turakun da igiya hawa biyu, ɗaya daidai gwiwa, ɗaya daidai ƙugu.
7. Ɗaure rassa masu nauyi da tsumma, ɗaurin ya yi siffar lamba 8.

Hattara: ban da waya, tana yanka ɓawo. Bar sararin yatsa ɗaya, domin reshen zai ƙara kauri. Kada kuma a tattare rassan dami guda, iska ba za ta ratsa ba, ganye ya kama cuta.

8. Tsinke furannin da suka yi yaushi, su ne ke jiƙewa su ja reshe ƙasa.
9. Rage takin yuriya. Yawansa ke fitar da doguwar tsira marar ƙwari.