Darasi na Tara: Gas ko Lantarki, Wanne Ya Fi Sauƙin Ɗumama Ruwa?

Idan hunturu ya kama a Zariya, daga Disamba zuwa Janairu, babu mai son ruwan randa da asuba. Wani gida gas suke kunnawa, wani gida hita suke jefawa cikin bokiti. Kowa kuma sai ya rantse nasa ne mai araha. A wannan darasi za mu lissafa mu gani.

Abin da muke saye shi ne zafi. Ana auna shi da yunit, irin wanda mita take cinyewa. Bokiti mai lita 20 yana buƙatar wajen yunit 0.7 kafin ruwan sanyi ya yi ɗumin wanka, wato bokiti goma yunit 7 ke nan.

Hita tana mayar da yunit ɗaya na lantarki ya zama yunit ɗaya na zafi, ba ragi ba ƙari. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da wajen yunit 13, amma kusan rabi yana bin gefen tukunya ya tafi iska, musamman idan a tsakar gida aka ɗora, ba murfi. Saboda haka bokiti goma za su ci kusan kilo guda.

Akwai hanya ta uku da ake ɗumama gidaje da ita a Turai, wato famfon zafi. Ita wannan na'ura ba ta ƙirƙirar zafi, zuƙo shi take yi daga iskar waje ta kai shi cikin ɗaki ko cikin ruwa. Ku taɓa bayan firji, za ku ji ɗumi. Aikin iri ɗaya ne. Da yunit ɗaya na lantarki tana kawo wajen yunit 3 na zafi.

Mu ƙaddara yunit naira 210 ne, kilon gas kuma naira 1,300. Misali ne kawai, kowa ya sa farashin da ya saya a Sabon Gari ko Samaru.

Hita: 7 × 210 = naira 1,470
Gas: kilo 1 = naira 1,300
Famfon zafi: 1,470 ÷ 3 = naira 490

Kada 490 ɗin nan ta ruɗe ku. Lissafin yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, inda ake tura gas ta bututu har cikin gida, tukunyarsu ta zamani ta ɗumama ruwa da gas tana amfani da kusan kashi 90 cikin 100 na zafin, kuma kuɗin yunit ɗin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu. Raba huɗun nan gida uku, tunda famfon zafi yana kawo yunit 3, har yanzu ya haura ɗaya, don haka a wannan lissafi famfon bai fi gas araha ba. A Norwe kuwa, inda lantarkin daga madatsun ruwa yake fitowa, fiye da rabin gidaje sun sa na'urar. Mu a nan sai an ƙara da tsadar sayenta, da kuma ɗauke wuta: na'urar da ba ta tashi da asuba, silinda ta fi ta amfani.

Aiki:
1. Duba rasit ɗin mitarku. Nawa ne yunit ɗaya?
2. Idan gidanku yana ɗumama bokiti 4 kullum, nawa hita za ta ci a kwana 30?
3. Kilon gas ya kai naira nawa kafin hita ta fi shi araha?