Yadda na shiga NAS ɗin ofis da kwamfutar aiki

Kwana uku ina fama. Kwamfutar da aka ba ni a ofishinmu na Sabon Garin Zariya ɗaure take da asusun Microsoft Entra ID, wato asusun aiki na ma'aikata, da PIN nake buɗe ta. Ga akwatin NAS, na'urar da muke ajiye fayilolin ofis a cikinta, a kan tebur, fitilarsa na ci, amma ina danna sunansa a kwamfuta sai ya ce kalmar sirri ba daidai ba.

Na sauya kebul, na kashe rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu, na kunna, a banza. Har na kusa kunna SMB1, tsohuwar hanyar musayar fayiloli ta Windows, na fasa, don tsaronsa ya raunana.

Ashe asusun aikina kwamfutar take miƙa wa NAS, shi kuwa mutanen da aka yi wa rajista a cikinsa kaɗai ya sani.

Sai na shiga shafin NAS na buɗe sabon mai amfani, na ba shi izinin karatu da rubutu. A Command Prompt, inda ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta net use * /delete, tsofaffin haɗi suka goge. Daga nan Credential Manager, inda Windows ke ajiye kalmomin sirri, sai Windows Credentials, Add a Windows credential. Adireshin NAS ɗin 192.168.1.20. A gurbin suna na fara da sunan NAS, sai alamar \, sannan sunan mai amfanin. Nan ne matsalar take tun farko. Na rubuta \\192.168.1.20 a File Explorer, fayilolinmu suka bayyana.

Alhamdulillahi, na gode wa abokin aikina da ya jira ni har bayan Magariba.