Babi na 7: Naman da Likita Ya Cire da Takardar Sakamako

Darasi na 1: Ina naman ke zuwa?

Akwai matan da nono ke yi musu nauyi fiye da kima. Ga ciwon baya, ga ciwon wuya, ƙarƙashin nono ya yi ta ƙuraje lokacin bazara. Irin waɗannan likita yakan yi musu tiyata ya rage nonon.

Naman da aka yanke ba a yar da shi. Ana sa shi a kwalba mai ruwan magani da ake kira fomalin, don kada ya ruɓe, sai a kai ɗakin gwaji. Can za a fere shi ya fi bawon albasa sirantaka, wani likita ya duba da madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani. Yana neman sankarar mama da ta ɓuya, wadda ba ta kai ga kumburi ko ciwo ba. Ba kasafai ake samunta ba, 'yar uwa, kada ki tsorata. Amma in tana nan, gara a gan ta tun tana ƙarama.

Na san dangi kan ce a ba su naman su binne. A bari a gwada tukuna.

Darasi na 2: Karanta kwalba

Wani lokaci ɗan uwanki ne zai kai kwalbar ɗakin gwaji. Ya tsaya ya duba rubutun jikinta: sunanki, lambar katin asibiti, kwanan wata. Harafin R yana nufin dama, harafin L hagu. Rubuta R a littafinki sau 5, L ma sau 5. Madalla, haka ake yi.

Darasi na 3: Ki koma ki karɓi sakamako

Nan ne wasu ke faɗuwa. An cire zare, rauni ya warke, sai mace ta hau mota ta koma Jega ko Argungu, takarda kuwa tana kwance a asibiti.

Kafin a sallame ki, tambayi nas: "Yaushe zan dawo karɓar sakamako?" Faɗa da ƙarfi. Sake faɗa. Yakan ɗauki mako 2 ko fiye, musamman in an aika kwalbar daga Birnin Kebbi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Rubuta ranar a bayan katinki. Adana rasit tare da katin. Ranar ta zo, ki koma. In an ce bai fito ba, tambayi wata rana, ki rubuta, ki sake komawa. Shirun asibiti ba ya nufin lafiya lau. Ki koma.

Haba jama'a! Mace ta biya kuɗin tiyata, ta biya kuɗin gwaji, sannan kuɗin mota ya hana ta sanin abin da ke jikinta? Amma ranar biki ba wanda ke tuna muku. Rubuta wannan sau 10: Zan koma in karɓi sakamako.

Darasi na 4: Wa zai karanta?

Takardar da Turancin likitoci take. Kada ki ba ɗan maƙwabta ɗan sakandare ya fassara miki. Kai wa likitan da ya yi aikin.

Darasi na 5: Ajiya

Sa takardar cikin leda, ki ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa.