Kwamfuta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: danshi ne abin tsoro, ba sanyi ba

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Kanada da arewacin Amurka, a birane irin su Toronto da Minneapolis, ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke fara kamawa haya saboda sauƙin kuɗinsa. Hunturu na kankama sai hankali ya tashi, kada sanyi ya lalata kwamfutar tebur da aka tara kuɗi aka saya. Daga wannan fargabar yawancin kurakurai suke farawa.

Kwamfuta da zafi take fama, shi ya sa aka cika cikinta da fankoki. Kamfanoni da dama suna rubuta cewa kayansu na aiki lafiya tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, kuma ɗakin ƙasa na gidan da mutane ke zaune ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 10 ba, domin ƙasar da ta kewaye bangon tana riƙe ɗumi. Saboda haka wanda ya lulluɓe kwamfutarsa da bargo, ko ya kulle ta cikin kabad don ta ji ɗumi, hanyar iskarta kawai ya toshe. A yaye bargon, a bar mata tazarar taƙi guda tsakaninta da bango.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne jona hita a layin soket ɗaya da kwamfuta. Ƙaramar hitar ɗaki a can tana jan wat 1,500, alhali layin gida mai amfiya 15 da bolt 120 iyakarsa wat 1,800. Ka ƙara kwamfuta da allonta, wuta ta yanke tsakiyar aiki. In kuma a doguwar waya mai bakuna da yawa aka jona hitar, wayar na iya narkewa, daga nan sai gobara. Hita ta shiga soket ɗin bango kai tsaye, ita kaɗai, kuma kada a saita bakinta ga kwamfutar.

Babbar matsalar ita ce raɓa. Ka fito da kwalbar lemo daga firji, nan da nan za ka ga tana gumi, domin iska mai ɗumi tana ɗauke da tururin ruwa, da ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi. Haka yake faruwa a cikin kwamfuta, a kan allon da ke ɗauke da sassanta da ƙananan haƙoran da suke haɗuwa. Mutum ya ɗauko ta daga but ɗin mota a watan Janairu, ƙarfen ya yi sanyi ƙarara, ya shiga ɗaki ya kunna nan take don ya ga ko ta iso lafiya. To ruwa ne kwance a kan hanyar wuta. A bar ta a kashe, waya a cire, na sa'o'i da dama. In ta kwana a mota, ta kwana a ɗaki kafin a taɓa maɓalli. Muddin tana aiki kuwa, ta fi iskar ɗakin ɗumi, raɓa ba ta samun wurin zama a jikinta.

Abin da ke ba baƙi mamaki shi ne, Yuli da Agusta sun fi Janairu haɗari. Lokacin ne iskar waje take da zafi da laima, bango da daɓen siminti kuwa suna nan da sanyinsu. Sai mai ɗaki ya buɗe 'yar tagar nan ta sama wai iska ta shiga ta busar da wurin, bai san ruwa yake shigowa da shi ba. A hankali sai warin fumfuna, sai ka ga tsatsa a kan kusoshin bayan kwamfutar da bakin ramukan USB. Ma'aunin danshi ba shi da tsada, kuma a ganina shi ne abu na farko da ya kamata mai ɗakin ƙasa ya saya. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin cikin gida ya tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100, an fi so tsakanin 30 da 50. In ya zarce, a nemi na'urar tsotse danshi. Amma a kula wajen saye: irin mai aiki kamar firji ƙanƙara takan kama ta a ɗaki mai sanyi sosai, sai ta yi ta cin wuta a banza. A duba kwalin, a zaɓi wadda aka yi don wuri mai sanyi.

Ajiye kwamfuta a kan daɓe kuwa ba shi da wani uzuri. Nan ne ruwa ke fara taruwa idan dusar ƙanƙara ta narke a Maris da Afrilu, ko bututu ya fashe, ko famfon da ke kwashe ruwan ƙarƙashin gida ya tsaya saboda ɗauke wuta. Nan ne kuma fanka take zuƙar ƙurar siminti. A ɗora ta kan tebur ko kanta, tare da soket ɗinta da na'urar ajiye wuta, kada a zauna da ita ƙarƙashin bututun ruwa. Ramukan baya da aka bari a buɗe a toshe su, domin ɓera na neman ɗumi a hunturu, kuma fitsarinsa yana cin allon da ke ɗauke da sassanta.

A tsakiyar hunturu lamarin yakan juye, hita ta busar da iska har ka taɓa ƙofa ka ji ta ja ka saboda wutar da ta taru a jikinka. Wannan ɗan jan ya isa ya ƙona ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kafin ka sa hannu ciki don share ƙura, cire waya, ka fara taɓa ƙarfen akwatin don wutar da ke jikinka ta sauka.

Hotunan iyali da takardun makaranta kuma, kada kwafinsu ya zauna a ɗaki ɗaya da kwamfutar. Ruwan da ya ci ta zai ci faifan da ke gefenta. A kai ɗaya sama, ko a ɗora a intanet.