Yadda ake dasa na'urar da ke taimaka wa mai kasa riƙe bayan gida

Na'urar batir ce da ake binnewa a jiki, tana aika wutar lantarki kaɗan zuwa jijiyar da ke sarrafa dubura. Kasa riƙe bayan gida kuwa ciwo ne da kunya ke sa a ɓoye shi shekara da shekaru, har mutum ya daina shiga sahun salla ko zuwa biki. Galibi tsokar da ke tsuke dubura ce ta yage wajen haihuwa, ko aikin basir ya taɓa ta, ko ciwon suga ko raunin ƙashin baya ya lalata jijiyoyin wurin.

Matakin farko, a gano asalin matsalar. Likitan hanji zai ɗauki hoton tsokar, ya auna ƙarfin matsewarta. Idan ta gaban mace kashin ke fitowa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyo ne, ɗinki yake so a cibiya irin ta Babbar Ruga a Katsina, ba na'ura ba.

Na biyu, a gwada masu sauƙi tukuna: gyaran abinci, maganin tsayar da zawo irin loperamide, atisayen tsuke dubura. Sai sun gaza ake zancen dashe. Tun daga nan majiyyaci zai ajiye littafi yana rubuta kowace kufcewar kashi da lokacinta. Kada a raina littafin nan, shi ne alƙali nan gaba.

Na uku shi ne gwaji, kuma nan ne hikimar aikin take. Majiyyaci zai kwanta rub da ciki, a zura siririyar waya ta wata 'yar kafa a ƙashin da ke sama da mazaunai, har ta kai kusa da jijiyar da ke sarrafa dubura. Idan aka sa wuta kaɗan aka ga babban yatsan ƙafa ya motsa, waya ta zauna daidai. Sai a haɗa ta da batir na waje, a ɗaura a ƙugu, mutum ya koma gida mako ɗaya zuwa uku. Ban da jiƙa wurin, ban da yawan sunkuyo. Idan littafi ya nuna kufcewar ta ragu da rabi ko fiye, an ci jarrabawa. In ba haka ba, a zare waya, ba a yi asarar kuɗin na'ura ba.

Na huɗu, a ɗan tsaga fatar saman ɗuwawu a binne batir na dindindin, a ba mutum rimot na ƙara ƙarfi ko ragewa. Likita Klaus Matzel na Jamus ne ya fara bayyana wannan hanya a 1995, Amurka kuma ta amince da na'urar InterStim ta kamfanin Medtronic don wannan ciwo a 2011.

Akwai kuma zoben roba da ake naɗa wa dubura, da famfonsa a cikin maraina ko leɓen gaban mace, amma yawan ruɓewar wurin ya sa likitoci da dama sun ja baya da shi.

Bayan aiki, zazzaɓi, ja ko mugunya a bakin ɗinki na nufin a koma asibiti nan take. Batir kan ƙare bayan wasu shekaru a sauya shi, kuma a riƙa sanar da ma'aikata akwai na'ura a jiki kafin shiga hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu.