Ga masu koyar da aji mai cunkoso

Salamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Duk wanda ajinsa ya haura ɗalibai 300, ya fara sayen lasifika mai caji da makirufo na maƙalawa a wuyan riga kafin ya yi maganar majigi. Ko an ɗauke wuta, na can baya zai ji ka. Majigi kuwa, hasken rana na shigowa ta taga, rubutun ya dusashe.

Ni nakan ajiye waya kusa da lasifikar in naɗi darasin, in tura wa shugaban aji tare da PDF, shi ya raba ta Xender, manhajar tura fayil daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Ɗalibaina masu zuwa daga ƙauyukan Ringim da Jahun ba kullum suke da data ba, balle sabis. Bidiyo kam kar ma a fara, cinye musu kuɗi zai yi.